Takardar da Na Miƙa da Hannu Biyu

Har yau, in Talata ce da safe, ba na bin barandar da ta wuce ta gaban aji na uku a ginin sashenmu. Sai in zagaya ta bayan rumfar babura, ko da ruwa ake yi, in shiga ofis da taɓo a takalmi. Abokan aiki sun ɗauka tumbi nake son ragewa, har tsiya suke yi mini. Na bar su a haka. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Tsoro nake ji in leƙa tagar nan in ga mutum zaune shi kaɗai, ya fuskanci kujerun ɗalibai babu kowa a kansu, alhali na san mutumin nan yana ƙasa, da ni aka yi zaman makokinsa.

Malamina ne. Ilimin ƙasar noma yake koyarwa a kwalejinmu, wadda ke zaune cikin gonakin masara tsakanin Funtua da Malumfashi. Mutumin Gozaki ne, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya. In ka kawo masa ƙasa a leda sai ya murza ta tsakanin yatsu, ya sunsuna, ya ce maka wannan jigawa ce ta wajen Dayi, wannan kuma lakar fadama ce, kada ka ɓata irinka a kanta. Kowa Malam yake ce masa, har shugaban kwaleji, kamar babu wani malami a wurin sai shi. Ni kuwa "ɗan nan" yake ce mini tun ina ɗalibi. Lokacin da zan nemi aiki a kwalejin, shi na kai wa takardar neman aikin ya duba. Sau uku yana dawo mini da ita jina-jina da jan biro. A na ukun har na fara huci, na ce, "Malam, wai takardar neman aiki ce ko jarrabawa?" Ya ce, "Ɗan nan, takardar ofis takan riga mai ita shiga, kuma takan daɗe bayan ya fita. Koma ka gyara."

Bayan wasu shekaru na tafi kudu ƙarin karatu, na yi shekara huɗu, na dawo da digirin digirgir da kai kamar tulu. Ban yi wata biyar da dawowa ba tsohon shugaban sashenmu ya yi ritaya, aka ɗora ni a kujerarsa, domin ni kaɗai ne Dakta a sashen. Malam na cikin waɗanda zan shugabanta. Saura masa shekara guda da 'yan watanni ya ajiye aiki, kuma abu ɗaya ya rage masa a duniyar ofis: ƙarin girma na ƙarshe, wanda ya shekara shida yana jira. So yake ya fita da shi, fayil ɗinsa tas, babu ko ɗigon laifi a ciki. Kowa a sashen ya san wannan, ni ma na sani.

Sai kwaleji ta tura mu bita ta mako guda a wani otal a Kaduna, mu sababbin shugabannin sassa daga makarantu daban-daban. Ba zan yi wa bitar nan sharri ba. Wata dattijuwa ce ta fi riƙe mu, tsohuwar rajistara, mai baki kamar reza, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ta sa kowa ya rubuta yadda yake kashe awoyinsa na ofis. Ta ce shugaban da ke tafiyar da sashe da baki kawai, ran da rigima ta tashi ba shi da shaida. Ta haska mana a majigi da manyan baƙaƙe cewa abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Na kwafe shi a littafina, na ja masa layi biyu. Na dawo gida da satifiket da jaka mai tambari da zafin kai. Wallahi a mota ma ji nake direba ba ya sauri.

Abin da na fara sa wa ido shi ne zagayen safe. Al'ada ce da na tarar a sashen tun ina ɗalibi: kullum da safe shugaban sashe zai bi ofis-ofis. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, masara ta fara bushewa kuwa? A cikin gaisuwar ne zai saƙa labarin aiki, ya ce af, an ɗaga taron gobe, an sauya wa 'yan shekara ta biyu aji. Tsohon shugaban ya fi daɗewa a ofishin Malam, yakan ma tura ƙofa. Da na hau kujerar na ci gaba da zagayen, don na ga ana yi. A Kaduna na lissafa, na ga awa ɗaya da rabi yake ci mini kullum. Awa ɗaya da rabi ana tambayar lafiyar masara!

Na kira taron sashe. Na ce daga yau an daina zagaye. Duk sanarwa za a liƙa ta a allo, a kuma tura ta a waya, wanda bai karanta ba shi ya so. Wani abokin aikina, mai koyar da kiwon dabbobi, ya gyara murya ya ce, "Dakta, har da ofishin Malam?"

Na ce, "Kowa da kowa. Ba a ware kowa ba."

Na ga sun kalli juna. Na ɗauka ƙyashi ne, irin na mutanen da yaro ya zo ya hau kansu. Malam dai yana zaune a gefe, ya ɗora hannuwa a kan sandarsa. Ya ce, "To, Shugaba. Allah ya taya riƙo." Ranar ce ya fara kirana Shugaba, kuma har ga Allah na ji daɗin sunan.

Mako biyu bayan haka na gyara jadawalin darasi, domin azuzuwa suna karo da juna. Darasin Malam na ranar Talata, wanda ya fi shekara ashirin yana yi da ƙarfe takwas a aji na uku, na mai da shi ƙarfe goma sha biyu a sabon ɗakin lakca. Na buga, na sa hannu, na liƙa a allo da kaina.

Talatar farko ɗalibai suka jira shi a sabon ɗaki, bai zo ba, suka watse suna murna. Sababbin ɗalibai ne, ba su ma san fuskarsa ba. Talata ta biyu haka. Lokacin kakar masara ne, rabin malaman sashen hankalinsu na gona, daga aji sai babur. A Talata ta uku ina wucewa ta baranda wajen takwas da kwata, na leƙa tagar aji na uku.

Yana zaune a kujerar malami. Farar riga, hula a daidai, hannuwa biyu a kan tebur, alli a gefen hannun dama. Ya miƙe baya ya fuskanci aji, ajin kuwa babu kowa sai wata akuya da ta leƙo ta ƙofar baya. Bai juyo ba. Na tsaya ina kallonsa kusan minti guda.

Ka san abin da na gani? Taurin kai na gani. Na ce a raina, wato tsohon nan nuna mini yake yi jadawalina bai isa ya tashe shi daga ajinsa ba. Zama yake yi a gaban kowa don a san yaron da ya koyar bai isa ba. Raina ya ɓaci, na wuce ofis ina taka ƙasa da ƙarfi.

A nan ne ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Dattijuwar Kaduna ba ta ce a fara da takarda ba. Ta ce ka fara kiran mutum ku zauna, ka tambaye shi, ka saurara, in abin ya ƙi sannan ka rubuta. Yana nan a littafina, da rubutun hannuna. Ni na tsallake wannan matakin. Da wane ido zan dubi Malam in ce masa don me ba ka shiga aji ba? Bakina ba zai iya ba. Amma yatsuna sun iya. Da sha biyu ta wuce bai leƙa sabon ɗakin ba, na rufe ƙofa, na buɗe kwamfuta, na rubuta masa takardar tuhuma, wadda a ofis muke ce wa kweri: ya yi bayani cikin kwana biyu na aiki dalilin da ya sa ba za a ɗauki mataki a kansa ba saboda ƙin shiga aji sau uku. Ban ba sakatariyar sashe ta buga ba, wai ina kare sirrinsa. Na tsara ta tsaf, na karanta sau huɗu, na cire waƙafi ɗaya na mayar. Na aika kwafi ofishin rajistara, kamar yadda aka koya mana.

Ranar Alhamis da azahar na same shi yana shirin tafiya Gozaki, don can yake yin ƙarshen mako. A makon ne kwamitin ƙarin girma ya zauna, duk kwaleji ana ta zancen, amma ni ban haɗa wannan da wancan ba. Na yi sallama, na rusuna kamar yadda na saba tun ina ɗalibi, na miƙa masa ambulan da hannu biyu, kaina a ƙasa don kunya. Na ce, "Malam, ga wannan. In an isa gida a duba."

Ya karɓa. Ya shafa ambulan ɗin, ya bi gefensa da yatsa har ya taɓa inda aka buga hatimi. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ta fito ke nan?"

Na ce, "E, Malam."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kuma ta hannunka. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na fito ina cizon leɓe. Na ɗauka gatse yake yi mini.

Ranar Litinin na tarar da amsa a kan teburina, takarda biyu. Ta farko da hannu aka rubuta ta. Malam da rubutunsa a allo ya fi na injin buga littafi kyau, sai ga layi yana hawa kan layi, kalma tana cin kalma, ƙarshen wasu layukan ma sun fita daga takardar. Da ƙyar na tsinto abin da ya ce: ya amsa laifinsa, ba shi da hanzari, yana neman afuwa. Ta biyu bugaggiya ce, sanarwar ajiye aiki don raɗin kansa.

Na ɗauki ta farkon na fita wurin sakatariya ina kaɗa ta. Madam muke ce mata, Bayarabiya ce haifaffiyar Funtua, Hausarta ta fi tawa, ta shekara ashirin da wani abu a kujerar nan. Na ce, "Madam, dubi wulaƙanci! Ko takardar kirki ban isa a rubuto mini ba?"

Ta karɓa ta duba. Ta sake dubawa. Sai ta cire tabarau ta ajiye, ta ce, "Dakta, amsar mece ce wannan?"

Na faɗa mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Kweri ka ba Malam? A rubuce? Dakta, kai ba ka sani ba?"

"Ban san me ba?"

"Malam ba ya gani. Shekara uku ke nan. Yana ganin haske, yana ganin inuwar mutum, amma rubutu ko a kan hancinsa ka ɗora ba zai karanta ba."

Na nemi kujera na zauna. Ita kuma ta ci gaba da bayani. Ciwon nan ne mai cin ido a hankali ba tare da zafi ba, ya kama shi ina kudu. Darasinsa duk yana kansa, ba ya buƙatar takarda. Jarrabawar ɗalibansa malamai uku ke raba ta su duba, su kawo masa ya sa hannu inda aka ɗora masa yatsa. Motarsa da ya ajiye yana cewa mai ya yi tsada, ba mai ba ne. Wasiƙa in ta zo masa, sai ya kawo wa Madam ya ce ya manta tabarau a gida, ita kuma ta ce ai kullum haka kake, Malam, ta karanta masa. Sanarwar allo kuwa, tsohon shugaba ke kai masa ita da baki kowace safiya, a cikin ina kwana da yaya masara. Zagayen ya girmi ciwon, amma shi ya rufa masa asiri shekara uku.

Na ce, "To don Allah me ya hana wani ya faɗa mini?"

Ta ce, "Haba Dakta, wa zai faɗa maka? Kai ne ɗansa a nan. Mun ɗauka ka riga mu sani. Da ka ce an daina zagaye, cewa muka yi don idon jama'a ka faɗa, kana bi ta bayan fage kana gaya masa. Kuma wannan maganar faɗa ce? Ran da aka furta ta, ta zama magana, sai ta kai ofishin rajistara, a ce likita ya duba shi, a sallame shi. Shi ma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mu ma ba mu taɓa nuna masa mun sani ba."

Ashe Talata uku yana zaune a ajin nan yana jiran ɗalibai. Bai tambayi kowa ina suke ba, domin in ya tambaya za a ce yana allo, shi kuma sai a gane bai karanta allo ba.

Na ruga ofishin rajistara. Mai kula da fayil ya buɗe mini na Malam, tsohon fayil mai kauri ɗaure da igiya. Takardata ce a sama, an riga an rubuta mata lambar shafi da jan biro. Na ce a cire ta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shafin da ya sami lamba ba ya fita. Sai dai ka rubuto wata ka ce ka janye, mu ɗora a kai." Na rubuta, aka ɗora. Amma kwamiti ba ya sakin ƙarin girman wanda ke da tuhuma a fayil sai zama na gaba, zama na gaba kuwa sai baɗi, Malam kuma ya ƙi janye takardar ajiye aikinsa. Shugaban kwaleji da kansa ya aika masa, ya ce a gode masa, ya gaji ne.

Na je Gozaki ranar Asabar. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, an zube masara a gabansa tana shan rana, yana ɗaukar ɗaya-ɗaya yana latsa ƙwayar da farce don ya ji ko ta bushe. Ina yin sallama ya gane ni. Ya sa aka kawo ruwa, aka kawo tuwo. Na durƙusa na ce, "Malam, wallahi ban sani ba."

Ya ce, "Ai ba a so ka sani ba, Shugaba. Aikinka ka yi. Ci tuwonka kada ya huce."

Na so ya yi mini faɗa, ko da kalma ɗaya. Bai yi ba. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni ko an gyara rufin ɗakin gwaje-gwaje. Na ci gaba da zuwa duk bayan wata biyu har tsawon shekara biyu, ina kai masa sukari da ganyen shayi, yana sa mini albarka. Amma "ɗan nan" bai sake fitowa daga bakinsa ba. Shugaba na zama har ƙarshe.

Na dawo da zagayen safe, ban yi wa kowa bayani ba, babu kuma wanda ya tambaye ni. Yanzu ma har gayyatata ake yi irin bitar nan in yi wa sababbin shugabanni lakca. Nakan ce musu su rubuta, domin gaskiya ne, rashin rubutu ya kashe sassa da yawa. In na zo wurin da ake cewa ka fara zama da mutum, sai in tsaya in sha ruwa, su kuwa suna ta duba waya suna jiran a kawo abincin rana. Na ɗauka iyakar abin da zan ɗauka ke nan, kuma na fara sabawa da nauyinsa.

Sai Malam ya rasu, ranar wata Laraba da damina. Kafin in iso an kai shi. Na zauna cikin masu karɓar gaisuwa a rumfar ƙofar gida. Kusa da ni akwai wani tsoho, hedimastan firamare mai ritaya, amininsa tun suna yara. Da mutane suka ragu bayan la'asar, ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai ne Daktan?"

Na ce ni ne, Baba.

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Ni na karanta masa takardarka."

Ya nuna tabarmar da muke kai da haɓarsa.

"A nan. Ranar Alhamis ce, ya sauka daga mota da fara'arsa, ya ce takardar ƙarin girmansa ta fito, kuma ɗalibinsa ne ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce ba zai buɗe ba sai an taru. Bayan la'asar ya tara mu, ni da liman da ƙannensa biyu da surukansa. Matan gida suna bayan zana suna saurare, har an sayo goro. Ya ba ni ya ce in karanta da ƙarfi, in fassara, wai Turancina ya fi nasa daɗin ji. Mu ma a nan mun san da idon, ba ma dai faɗa."

Na ce, "Baba, ka karanta?"

"Na karanta layi biyu na tsaya. Na ce masa rubutun ya yi ƙanana, a bari sai gobe. Ya ce a'a, ƙarasa. Na ƙarasa. Ya ce fassara musu. Na fassara." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Babu wanda ya motsa. Liman ya sunkuyar da kai. Shi kuwa ya miƙo hannu na ba shi takardar, ya ninke ta yadda take, ya mai da ita ambulan. Sai ya ce mana, 'Kun ji yadda aka tsara ta? Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Ni na koya masa.' Daga nan ya ce a raba goron, tunda an riga an saya."

Aka kira sallar magariba, mutane suka tashi suna neman buta. Tsohon ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya bar ni zaune a kan tabarmar.